Iyakar da Ruwa Ya Tafi da Ita

Tungar Baiwa, Argungu,
20 ga Nuwamba, 1988

Zuwa ga taubashina Dikko,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara, waɗanda har yau ban san sunayensu ba. Mu nan lafiya lau, sai Inna Ma'u da ciwon ƙafa ya hana fita, ita ma da sauƙi. Ni ne Arzika ɗan Maigandi, in shekarun da suka wuce ba su goge maka sunan ba. Kakana da kakarka ciki ɗaya suka fito, shi namiji ita mace, don haka ko ka bi Nasara har bangon duniya bawana ne kai, bawa kuwa ba ya ƙin kiran ubangidansa.

Ka ji irin ruwan da aka yi bana. Gulbi ya fasa ta saman Tunga ya kwanta a fadamarmu. Shinkafa ko dami ɗaya ba mu ɗauka ba. Da ya janye sai muka tarar ya bar mana yashi har gwiwa a gonar Baba, tun daga tudu har gindin giyayya. Abin da ya tsira da laka mai kyau shi ne kwarin nan da ke tsakanin giyayya da tsohuwar rijiya. Ciyawar jemar da aka dasa don iyaka kuwa ruwa ya tumɓuke ta, ko tushe ɗaya bai bari ba.

To ga abin da ya sa na neme ka. Laure, matar marigayi Ummaru maƙwabcinmu a gona, ta ce kwarin nata ne da marayunta. Ni na ce iyakarmu daga rijiya take. Magana ta kai gaban hakimi, ya ce kowa ya kawo shaida. Baba ya rasu, Ummaru ya rasu. A cikin waɗanda suka riƙe jemar nan da hannunsu ranar da aka dasa ta, kai kaɗai ka rage. Ka tuna damina biyun da ka yi a gidanmu bayan rasuwar mahaifinka, kafin uwarka ta ɗauke ka zuwa ƙasar Zuru, inda 'yan mishan suka same ka.

Ka zo ka ce daga rijiya ne. Shi ke nan aikinka. Za a yanka maka zakara, ko da yake bawa ƙafa da wuya ne rabonsa.

Ubangidanka,
Arzika Maigandi

*

Birnin Kebbi,
27 ga Nuwamba, 1988

Yaya Arzika,

Takardarka ta same ni a ɗakin magani na asibiti, na karanta ta a tsaye. Ban ɓoye maka ba, na ji daɗi. Tun jana'izar Baba Maigandi, da na zo aka nuna mini tabarma can gefe, ban ƙara jin muryar kowa daga Tunga ba. Muna lafiya. Maiɗakina sunanta Maimuna, yaran kuwa Riskuwa da Tamba. A gaida Inna Ma'u. In kumburi ne a gwiwa, a daina ɗaure ta da tsumma sosai. Zan aiko da man shafawa ta hannun Hodi direba.

Na yi muku jaje na ruwa. Wanda bai taɓa ganin shinkafa ta nutse ba, ba zai san abin da kuke ciki ba.

Ranar dashen jema ina tune da ita sarai. Ni na ɗauko tushen a kwando daga bakin gulbi, Baba yana sara rami, Ummaru yana dannawa da diddige. Amma Yaya, a tunawata daga gindin giyayya muka fara, muka miƙe zuwa bakin ruwa. Kwarin yana ɓangaren Ummaru. Ka tuna rumfar korar tsuntsaye da muke hawa ni da kai? A jikin giyayyar aka kafa ta, kuma Baba ya taɓa tsinka mini mari don na tsallaka kwarin na tsinko shinkafar Ummaru ina tauna. Mutum ba ya manta inda aka mare shi.

Wataƙila ruwan ne ya rikita maka wurin, don in yashi ya rufe fili komai yakan sauya kama. Ka je ka tsaya a gindin giyayyar ka duba da kyau. In ka ga haka ne, ka sasanta da Laure tun magana ba ta yi nisa ba.

Batun bauta kuwa, bawan da aka bari shekara da shekaru ba a ciyar da shi ba ai ya 'yanta kansa.

Ƙanenka,
Dikko Abdussamadu

*

Tungar Baiwa, Argungu,
4 ga Disamba, 1988

Dikko,

Muna lafiya, man ya iso, Inna ta sa albarka. Na karanta takardarka har na sake, in ga ko wasan taubasai kake yi. Giyayya! Wa bai san giyayya ba? Kana tsammani don ka tuna mini na ɓata kuɗin kan sarki na aiko maka takarda? Boko dai ya cika maka kai ya bar ka ba wayo. Bari in buɗe maka zancen, tunda ba ka gane hannunka-mai-sanda.

Hakimi ya ce duk mai shaida sai ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani. Kalilu ƙanena ya ce ko za a yanka shi ba zai dafa ba. Tsofaffi biyu na nema: ɗaya ya ce idonsa ya mutu, ɗayan ya tuna yana da 'ya a Kamba da ya daɗe bai gani ba. Ban ga laifinsu ba. Kowa a garin nan ya san wanda rantsuwa ta ci. Ni kaina ba zan dafa ba.

Sai na tuna da kai. Kai ba ka alwala, ba mai ba ka Alƙur'ani. Littafinku kuwa duk Tunga babu ko ɗaya balle a ce ka dafa. Ko an samo shi, mi zai yi? Na ga mutanenku ran Lahadi a Argungu, kowa ya saƙale shi a hammata kamar jarida, a ajiye shi kan benci, yaro ya ɗauka da hannun miya. Tunda nake ban taɓa jin an ce ya kama wani ba. Littafin da ake sawa a hammata wa zai ci? Maganarka za ta fita kamar zancen kasuwa, hakimi ya rubuta, a watse. Kai ba ka rantse ba, ni ban rantse ba, babu wanda wani abu zai samu.

Kada ka ce na zalunci Laure. Gonarta ta miƙe har bakin gulbi, yashi bai taɓa ta ba. Ni gidana cike yake da baki, ga Inna, ga iyalin Kalilu. In ban shuka kwarin nan baɗi ba, ban san abin da za a ɗora a murhu ba.

Kangon mahaifinka yana nan bayan gidanmu. Tun da ka bar addinin gidanku dangi suka ce ba ka da rabo a ciki. In ka yi mini wagga, ni zan tsaya gaban kowa in ce naka ne. Ka gina ɗaki, ka kawo Riskuwa da Tamba su san inda aka binne cibiyar ubansu.

Ina jiran amsa.

Arzika

*

Birnin Kebbi,
7 ga Disamba, 1988

Yaya Arzika,

Muna lafiya, ina fata ku ma haka. Zan ba Hodi wannan gobe da safe, don ba na so amsar ta kwana a hanya.

Ba zan yi ba.

Kalilu ya burge ni, kai ma da ka ƙi dafawa ka burge ni. Kun san Littafinku ya hana shaidar zur, kuna jin tsoronsa, haka ya kamata. Kuskurenka ɗaya ne: ka ɗauka nawa ba shi da iko a kaina don ba ka taɓa ganin ya karya wa wani ƙafa ba. Ka ga inda muke riƙe shi, ba ka ga inda yake riƙe mu ba.

Littafi Mai Tsarki ya hana shaidar ƙarya, hani na kai tsaye. Ya hana matsar da tsohuwar iyaka, har ya ambaci gonar marayu musamman, ya ce suna da mai tsaya musu. Almasihu kuma bai sassauta ba, ƙara tsanantawa ya yi. Ya koya mana kada gaskiyarmu ta jira rantsuwa: in mun ce i ya zama i, in mun ce a'a ya zama a'a. Wato zancen kasuwar da kake so in yi, a wurina shi ma rantsuwa ne. Ku sai an kawo Littafi gabanku ranar shari'a. Ni babu ranar da ba na gabansa. Ashe ka zaɓi mutumin da ya fi kowa wuyar sha'ani a wannan aiki.

Batun kango ya taɓa ni, kuma ka san zai taɓa ni. Maimuna tana ganin yadda nake zuwa tasha ran kasuwar Argungu in tsaya ina duba fuskoki, ko zan ga ɗan Tunga. Amma in na sayi ƙofar gidan ubana da gonar marayu, da wace fuska zan zauna a ciki?

Ga roƙona. Kada ka ba hakimi sunana. In ba a kira ni ba, ba zan kawo kaina in tsaya wa Laure a kanka ba. Amma in aka tambaye ni, giyayya zan ce. Yashi kuwa abin kwashewa ne, Yaya. Aiki ne mai wuya, amma ƙasar Baba tana nan a ƙarƙashinsa.

Ƙanenka,
Dikko

*

Tungar Baiwa, Argungu,
22 ga Disamba, 1988

Taubashi,

Gaisuwa da fatan alheri. Inna ta fara takawa zuwa bakin zaure, Kalilu ya yi zazzaɓi ya tashi.

Na jira amsarka har na gaji, ko layi ɗaya ban gani ba. Da fari na yi fushi. Daga baya na ce, kai Arzika, ai shiru ma magana ce. Ɗan boko ba zai rubuta irin wannan abu da hannunsa ba, kada takarda ta faɗa hannun wani. Ashe kana da sauran wayo. Da za ka ƙi, ai da tuni ka cika mini shafi uku da wa'azi.

Don haka shekaranjiya na ba hakimi sunanka. Ga abin dariya. Da aka ce Dikko ɗan Abdussamadu, sai Laure ta gyara mayafi ta ce, "Wanda ya ɗauko jema a kwando? Ranka ya daɗe, ni ba ni da wani shaida. Duk abin da ya faɗa na yarda." Waziri ya ce mata, "Ke baiwar Allah, ɗan'uwan abokin ƙararki ne fa, kuma ba Musulmi ba ne, ba zai dafa ba." Ta ce ta ji, ta dai yarda. Na sunkuyar da kai don kada a ga haƙorana. Ta kawo wuya ta miƙa wuƙa.

An sa ranar Alhamis, sha biyu ga Janairu, da hantsi. Za a aiko maka da takardar kira ta ofishinku don a ba ka izini.

Na sa an sare ƙayar da ta cika kangon, an share. Tsamiyar da mahaifinka ya dasa ta yi 'ya'ya bana kamar ta san kana tafe. Na gaya wa dangi, wasu sun turo baki, na ce duk mai magana ya zo ya same ni. Ka taho da yaran in makaranta ta bari.

Ubangidanka mai kyauta,
Arzika

*

Birnin Kebbi,
28 ga Disamba, 1988

Yaya Arzika,

Muna lafiya, mun yi Kirsimeti lafiya, amma tun da takardarka ta zo ban ji daɗin komai ba.

Ban yi shiru ba. Na amsa maka kwana uku bayan taka. Yau na je tasha na sami Hodi. Ashe motarsa ta lalace tun farkon wata, tana gareji, takardata kuma tana cikin aljihun motar tare da tsofaffin fulogi. Ya yi ta ba ni haƙuri. Ga ta nan na haɗa da wannan, da tabon baƙin mai a jikinta, ta gidan waya zan aiko. Ka karanta ta kafin ka ci gaba.

Ka karanta? To ka ga inda muke. Na roƙe ka kada ka ba da sunana, ka bayar. Takardar kira ta iso jiya, shugabanmu ya sa hannu. Laure kuma ta ajiye duk shaidunta ta rataya gonar 'ya'yanta a bakina. Kai wannan ya ba ka dariya. Ni ya hana ni cin abinci.

Hanya ɗaya ta rage, kuma a hannunka take. Ka je wurin hakimi kafin ranar, ka ce ka sake duba wurin, ka ga ruwa ne ya ruɗe ka, ka janye. Babu wanda zai zarge ka, bana kowa ya ruɗe. Mutuncinka zai tsira, ni kuma ba sai na buɗe baki ba. In ka ga dama ka roƙi Laure ta ba ka aron rabin kwarin na damina ɗaya. Ummaru da Baba sun yi zaman lafiya, ba na jin za ta hana.

Ka yi wannan don Allah, kada ka sa in tsaya gaban mutanen Tunga in ƙaryata ɗan Baba Maigandi.

Ƙanenka,
Dikko

*

Tungar Baiwa, Argungu,
3 ga Janairu, 1989

Dikko,

Lafiya muke, in ka damu.

Takardunka biyu sun iso. Ashe wa'azin yana nan, a gareji ya tsaya shan mai. "Ba ka ga inda yake riƙe mu ba." Sannu malam! Ina Littafin naka yake ranar da aka binne ubanka, uwarka ta rasa inda za ta sa kai? Shi ya ba ka tuwo damina biyu? Shi ya ɗinka maka rigar salla iri ɗaya da tawa? Baba Maigandi ne. Marin da kake tunawa, hannun da ya yi shi shi ya ciyar da kai. Amma mari kaɗai ka riƙe. Tsintacciyar mage dama ba ta mage.

In janye? Bayan na tsaya gaban hakimi da waziri da rabin gari na ce daga rijiya ne? In je in durƙusa wa Laure in roƙi aro? Kai da ka bar gari tun kana yaro ba ka san mi ake kira kunya ba.

Ga abin da za ka yi, kuma ba roƙo nake ba. Kada ka zo. A asibiti kake aiki, takardar likita ba ta fi ƙarfinka ba. Ka ce zazzaɓi ya kwantar da kai. In babu shaida hakimi zai gaji ya raba kwarin biyu, kowa ya ɗauki rabi. Ba ka ce rijiya ba, ba ka ce giyayya ba. Ko wannan ma Littafin naka ya hana? Ko an rubuta a ciki cewa Kirista ba ya zazzaɓi?

In kuwa ka zo ka buɗe bakin nan naka, to ka sani taubasantaka ta ƙare. Kangon da na share da hannuna turken jakai zan mai da shi. Tsamiyar in sare ta in yi turmi. 'Ya'yanka su girma su tambaye ka ina danginsu, ka buɗe musu shafi ka nuna musu.

Arzika

*

Birnin Kebbi,
7 ga Janairu, 1989

Yaya Arzika,

Ina gaida Inna da kowa da kowa.

Tuwon Baba yana jikina, ban manta ba, ba kuma zan manta ba. Shi ya fara nuna mini iyakar nan da tafin hannunsa, kafin in san akwai Littafin da ya faɗi haka.

Lafiyata ƙalau. Ba zan ce ba ni da lafiya ba. Rabin kwarin ma na marayu ne.

Har safiyar Alhamis kana iya janyewa. Zan sauka a motar farko, zan tsaya a ƙofar gidanka kafin in wuce fada, ko za ka fito mu tafi tare.

Ƙanenka,
Dikko

*

Tungar Baiwa, Argungu,
14 ga Janairu, 1989

Zuwa ga Dikko ma'aikacin asibiti,

Ba gaisuwa na zo yi ba. Inna ta koma kwance tun ran Alhamis, in kana son sanin aikinka.

Na ji sallamarka a ƙofa, ina ciki, na ƙi fitowa. Har a lokacin ina cewa a raina, in ya ga fuskokin dangi jini zai motsa. Ashe ruwa ne a jijiyarka.

Ina so ka san abin da na gani, don kai ƙasa kake kallo. Da waziri ya ce, "To ga matsala, ba mu da littafinsu a garin nan, ko a aika Argungu a aro?" na ji sanyi a raina, na ce ga ƙofa ta buɗe. Sai ka ce, "Ranka ya daɗe, ba sai an wahalar da kowa ba. Littafin ya riga ya umarce ni in faɗi gaskiya ko an kawo shi ko ba a kawo ba." Hakimi ya dube ka ya ce, "Ka san wanda ya kira ka?" Ka ce, "Yayana ne." Ya ce, "To daga ina?" Ka ce, "Daga giyayya."

Kalma biyu. Ko ka ɗan yi tari, ko ka ce shekaru sun yi nisa. Laure ta rufe fuska tana kuka, wani daga baya ya ce, "Ikon Allah." Liman da kansa, wanda bai taɓa miƙa maka hannu ba, ya gyaɗa kai. Ni kuwa hakimi bai ko zage ni ba. Cewa ya yi, "Arzika, je ka, ruwa ne ya ruɗe ka." Da ya sa an yi mini bulala da ya fi mini sauƙi.

Yanzu in na ratsa kasuwa sai a yi shiru. Jiya masu auna shinkafa biyu suna gardama, ɗaya ya ce wa ɗayan, "Faɗi tsakaninka da Allah, daga rijiya ko daga giyayya?" aka fashe da dariya. Ka mai da ni karin magana a garin ubana.

Ka ci nasara, kai da Littafinka. Na yarda yana da haƙori. Ni ya ciza.

Kada ka ƙara rubuto mini. Kada ka aiko da magani. In mun haɗu a hanya, ka bi gefenka.

Arzika Maigandi

*

Tungar Baiwa, Argungu,
20 ga Fabrairu, 1989

Dikko,

Inna ta tashi, tana cin abinci. Ita ta matsa in rubuta, kada ka ɗauka ni na so.

Na ce kada ka rubuto, ba ka rubuto ba. Na ce ka bi gefenka. Wa ya ce maka gonata ce gefenka?

Asabar ta farko da aka ce mini ga wani can a gonar Baba da shebur da kwando yana kwasar yashi, na ce mahaukaci ne, a ƙyale shi. Da aka ce kai ne, na ɗauki sanda. Kalilu ya tare ni a zaure ya ce, "Yaya, in ka doke shi, mi za ka gaya wa hakimi? Ya sace maka yashi?" Na zauna. Na ce rana za ta kore ka, hannun da ya saba ƙirga ƙwayoyin magani ba zai kai azahar ba. Ka kai la'asar. Ka hau motar Hodi ka tafi ba ka ko nemi ruwan sha a gidan kowa ba.

Asabar ta biyu Kalilu ya bi ka da nasa kwandon, ba da izinina ba. Shi ya kawo mini maganarka. Wai ya ce maka, "Kai da ka kayar da mu, mi ya kawo ka?" wai ka ce, "Littafin da ya hana ni ba ku kwarin Laure, shi ya hana ni in bar ku da yashi." Na ce masa wannan Littafi bai iya zama wuri ɗaya ba? Ya hana mutum ci, ya kuma hana shi fushi cikin kwanciyar hankali.

Shekaranjiya abin ya wuce wuri. Na leƙa daga tudu, don in ga ɓarnar da kuke yi, sai na ga manyan 'ya'yan Laure biyu a bayanku da jakinsu da mangala. A gonata! Yanzu gari ya sami sabon abin faɗi. Na gwammace ka zage ni, Dikko. Zagi na san yadda ake rama shi.

Bayan kun tashi na sauka. A gindin giyayya, wajen rumfarmu ta dā ƙasa ta fito, baƙa, da danshinta. Na sa hannu na damƙa. Amma aikinku na 'yan koyo ne. Kuna zubar da yashin ta gabas, inda ruwan farko zai maido shi. Ta yamma ake kai shi, bayan tudu. In aka bar ku ku kaɗai, damina za ta faɗi ba ku kai rabi ba.

Ban yafe ba, kada ka yi kuskure. Jakai kuwa ban ɗaure su a kangon ba don igiya ta yi tsada bana, ba don komai ba. Inna ta ce a gaya maka tsamiya tana zuba a banza, in yaran naka suna shan kunu.

Na san Lahadi ba ka aiki. Ran Asabar ka sauka a motar farko, ka zo da shebur biyu, nawa ƙotarsa ta karye. Kuma ka biyo ta ƙofar gida. Bawa ba ya shiga gonar ubangidansa ta baya kamar ɓarawo.

Arzika